Dangi Ɗaya Ne, In Ji Alhaji

Yayana Jibo bai iya cewa a'a ba, kuma tun muna yara a Jiratawa haka yake. Na tuna ranar da wata gwaggonmu ta miƙa masa furar da ta kwana ta yi tsami har tana kumfa. Ya karɓa da hannu biyu, ya shanye ta tas, ya yi godiya, sannan ya zaga bayan danga ya amayar da ita. Da na ce masa me ya hana ka ce ka ƙoshi, sai ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce ba a mai da hannun kyauta baya. Mutane suna yaba masa wannan hali. Ni kam tun a lokacin haushi yake ba ni.

Ni ce Tahira, ƙanwarsa da ke bi masa. Aure ya kai ni Tsibiri, amma kusan kullum ina Maradi, don a can nake sayar da kayan miya, kuma yawancin abin da nake kasawa daga garkar Jibo yake fitowa. Garkar tana cikin fadamar Gulbi, inda ake noman rani. Tattasai, albasa, tumatir da zogale, duk yana yi. In damina ta faɗi ya koma gonar tudu ya shuka gero da wake. Mutum ne dogo, marar ƙiba, mai manyan tafin hannu, ba ya shan taba, ba ya cin goro, kuma in ka ga Jibo zaune da rana to salla ya gama. Matarsa ɗaya, Tsahara, halinsu ya zo ɗaya har ya ɓaci. 'Yarsu Mansura ce kaɗai Allah ya bar musu.

Ya haura hamsin ciwon kai ya fara damunsa, a ƙeya, da safe. Wata rana yana ɗora mini buhun albasa sai jini ya ɓalle masa ta hanci. Ni na riga shi shiga wannan layin, don na daɗe ina shan maganin hawan jini, abin da a nan muke ce wa tansiyo. Ban tsaya neman shawararsa ba, na tare adaidaita na kai shi wurin likitar da ke duba ni, Likita Lubna, a wani ƙaramin asibiti cikin gari.

Ta auna shi, ta sake aunawa, ta ce jininsa ya hau sosai. Ta fara shi da ƙwaya ɗaya, amlodipin. Da aka yi 'yan watanni jinin bai sauka yadda take so ba, ta ƙara masa enalapiril, daga baya kuma ta haɗa masa da wata 'yar ƙarama mai sa fitsari. Jibo ya tsorata da ganin ƙwayoyi har kala uku, ya ce ko ciwon ne ya yi nisa. Ta yi dariya ta tambaye shi abin da yake shukawa da damina.

"Hatsi da wake, Likita."

"Suna hwaɗa a gona?"

"A'a. Kowane da abin da shika ci."

"To haka waɗanga suke, Baba. Guda shina saki jijiyoyin jini su buɗe. Guda shina hidda ruwa da gishirin da sunka yi yawa. Guda kuma shina hana jiki ɗaure jijiyoyin. Kowane da aikinshi, shi ya sa na haɗa su kaɗan-kaɗan. Amma ni na haɗa, kuma ina kallon ƙodarka da awon jini. Kada ka ƙara komi bisa kansu sai ka tambaya. Ko maganin ciwon baya ne."

Jibo ya riƙe wannan magana, ya kuma ga amfaninta. Ciwon kai ya tafi, ya koma garkarsa da ƙarfinsa, yana zuwa awo in lokaci ya yi. Shekara biyu muka yi lafiya lau. Da an bar shi da likitarsa da tattasansa, da yanzu ba wannan labarin nake bayarwa ba.

Sai Mansura ta yi aure. Ta auri Nasser, yaron kirki, ɗan Alhaji Abdulmutallib na unguwar Zariya cikin Maradi, babban ɗan kasuwa da motocinsa ke zirga-zirga tsakanin Maradi da Kano. Ba zan yi masa ƙarya ba, Alhaji ba mugu ba ne. Yana son Mansura kamar shi ya haife ta, yana kuma girmama Jibo. Ciwonsa ɗaya: yana da baki ba shi da kunne. Waya kullum manne da kumatunsa, in ya yi maka tambaya kafin ka buɗe baki ya riga ya amsa wa kansa. Ga son kyauta, irin kyautar da sai ya tsaya ya ga ka yi amfani da ita. In ya ba ka hula, sai ka sa ta a gabansa ko da ta fi kanka girma.

Shi ma yana da hawan jini. Da ya ji surukinsa na da shi, sai murna ta kama shi kamar an ce masa garinsu ɗaya. Ya taso da mota har Jiratawa da kwali cike da lisinopiril da ya sayo a Kano, irin wanda shi yake sha. Ina gidan ran nan. Na ga Jibo ya durƙusa ya karɓa, kansa a ƙasa, sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Alhaji, likita ta ce kada in ƙara komi sai an tambaya."

Wallahi ji na yi kamar in yi guɗa.

Alhaji ya ce wannan ai ba matsala ba ce, shi zai tambaya. Ya karɓi kwalin enalapiril na Jibo ya tafi da su biyun. Daga baya Nasser ya ba ni labarin yadda tambayar ta kasance, don shi ya tuƙa shi. Alhaji ko fitowa daga mota bai yi ba. Ya tsaya ƙofar wani farmasi, ya sa aka kira masa mai maganin, ya miƙa kwalayen ta taga, waya na kunnensa. Mutumin ya duba ya ce, "Alhaji, waɗanga ai dangi ɗaya ne…" Bai kai ƙarshe ba Alhaji ya ce madalla, ya ɗage gilashi, ya ce wa Nasser mu tafi.

Washegari ya dawo Jiratawa fuskarsa kamar gonar auduga.

"Baban Mansura, na tambaya. Anka ce mini dangi ɗaya ne. Uwa ɗaya uba ɗaya! To ina ka taɓa jin ɗan'uwa ya cuci ɗan'uwa? Haɗa su ka sha, su taimaki juna."

A wurin mutum irin Jibo, wanda ya tashi yana jin ɗan'uwa rabin jiki, babu hujjar da ta fi wannan. An ce a tambaya, an tambaya. An ce dangi ne. Ya soma haɗawa. Ni ban sani ba, don da na tambayi Tsahara ta ce mini ai an tambayi masana sun ce ba komai, ni kuma na ɗauka Likita Lubna take nufi.

Abu ya zo da bazara, lokacin da ko inuwa zafi take yi. Jibo na wuni cikin rana yana ban-ruwa, gumi na zuba, ga ƙwayar fitsari tana nata aikin. Bayansa ya riƙe saboda sunkuyo, sai maƙwabcinsa na garka, Ilyasu, ya ciro masa jajayen ƙwayoyin nan na ciwon jiki da masu talla ke yawo da su a faranti, diklofenak. Kyauta ce ita ma, don haka ta wuce. Ya fara jiri in ya miƙe. Wani busasshen tari ya kama shi. Fitsarinsa ya ragu, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Tsahara na gani tana dafa masa zogale tana cewa zafi ne. Wata safiya Ilyasu ya same shi kwance a bakin hanyar ruwa, rabin fuskarsa cikin laka.

A asibiti Likita Lubna ta sa Tsahara ta kawo duk abin da yake sha. Da aka zazzage ledar a kan tebur, likitar ta bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki kwalin Kano ta ajiye kusa da nata.

"Wa ya ba shi wanga?"

"Alhaji ne," in ji Tsahara. "Amma an tambaya, Likita. Anka ce dangi ɗaya ne."

"Ai shi ne matsalar, Inna! In munka ce magani biyu dangi ɗaya ne, muna nuhin aiki ɗaya suke yi, wuri ɗaya. Ba a shan su tare. Wanda ya sha su biyun ya ninka magani ne kawai. Ga na hitsari, ga zahi, ga waɗanga jajayen da ke rage ma ƙoda jini. Ta ina ƙodar za ta yi numfashi?"

Kalmar da mai farmasi ya faɗa don ya hana, ita aka ɗauko aka kawo mana a matsayin izini, da murna da tafa hannu.

Jibo ya tashi, bayan an yi ta ƙara masa ruwa ana awon jini. Amma likitar ta zaunar da mu ta gaya mana gaskiya ba kwana-kwana. Ƙodarsa ta ji jiki, ba za ta koma yadda take ba, kuma ba za ta ɗauki irin wannan karo na biyu ba. Ta cire mai sa fitsarin. Ta bar masa amlodipin, daga baya da awo ya yi kyau ta mayar masa da enalapiril ɗan kaɗan. Ta ce in gudawa ko amai ya kama shi ya zo nan da nan. Ta dube shi cikin ido ta ce, "Baba, ko wa ya ba ka magani, ka kawo mini shi nan in gani da idona. Ranka ne a ciki." Ya ce to. Jibo ai kowa ya ce masa abu to yake cewa, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Na so in je unguwar Zariya in fayyace wa Alhaji komai. Dangi suka taso mini. Wai ina ni ina yi wa surukin gidanmu faɗa, wai so nake in kashe wa Mansura aure. Aka tura Nasser ya je ya gaya wa mahaifinsa cikin lalama. Ban san yadda ya jera masa maganar ba, amma abin da ya shiga kunnen Alhaji guda ɗaya ne: ba a haɗa dangi ɗaya. Rabin magana aka ba shi da farko, rabi ya sake ɗauka.

Gab da damina Mansura ta haihu, namiji. Ranar suna gidan Alhaji ya cika maƙil, raguna biyu, baƙi har daga Katsina. Da liman ya raɗa suna aka sanar, sai muka ji Jibrila. Alhaji ya sa wa jikansa na fari sunan yayana. Jibo ya yi kuka a gaban maza, ni ma daga cikin gida na share hawaye, don karamci ne na gaske. Kafin a watse, Alhaji ya jawo Jibo gaban jama'a, ya zaro wasu kwalaye daga aljihu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wancan karon an yi kuskure, Allah shi kiyaye gaba. Wanga sabo ne, losartan, likitana na Kano ya canza mini shi. Na tambaya da kyau: ba dangin naka ba ne ko kaɗan. Bare ne! Sha abinka."

Labari ya iske ni a wurin tukwane. Na bar ludayi na tare Jibo a bakin ƙofa.

"Yaya, ba ni kwalayen nan."

"Haba, Tahira. Gaban mutane?"

"To gobe mu tahi wurin likita da su."

"In an gama shibka. Ajiye su kawai za ni yi, ba sha za ni yi ba." Ya duba wajen da Alhaji ke sallamar baƙi. "Mutumin da ya sa ma jikanshi sunana, da wane baki za ni ce mishi ban so?"

Na yarda da shi, don Jibo ba ya ƙarya. Abin da ban lissafa ba shi ne, rashin iya ƙaryar ne zai kashe shi. Kowace safiya Alhaji sai ya kira shi a waya, bayan gaisuwa ya ce, "Ka sha?" Rana ta farko Jibo ya ce bai karya kumallo ba tukuna. Ta biyu ya ce yana gona. Ta uku dabara ta ƙare masa. Bai iya cewa ba zan sha ba, bai kuma iya cewa na sha alhali bai sha ba. Sai ya ɓallo ƙwaya ya haɗiye, don in an sake kira ya amsa da gaskiya. Tsahara ce ta gaya mini wannan daga baya, tana faɗa kamar tana yabonsa.

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya bazama gona. Jibo na shukar gero gudawa ta kama shi. Maimakon asibiti, ya ce bari ya ƙarasa layin da ya fara, ƙasa na da danshi ba ta jira. Ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa duka. Da ciwon bayan ya motsa, Ilyasu na nan da jajayensa. Ranar da aka kawo shi asibiti a bayan amalanke zuwa bakin titi, daga nan a mota, ya kwana biyu bai yi fitsarin kirki ba, hannayensa sun saki, yana cewa ƙirjinsa na tsalle.

Likita Lubna ta yi iya yinta. Da awon jini ya fito ta kira ni da Nasser gefe. Ta ce ƙodar ta tsaya, wani gishirin jini da ake kira potasiyom ya taru har yana rikita bugun zuciya. Nasser ya ce ai babansa ya tambaya, an ce ba dangi ɗaya ba ne.

"Gaskiya ne, ba dangi ɗaya ba ne," in ji ta. "Amma hanya guda suke tarewa, guda daga sama guda daga ƙasa. Shi ya sa ba mu haɗa su, balle ga mai ciwon ƙoda. Likitan babanka canza mishi ya yi, bai ce shi haɗa ba. Ba sunan dangi ake tambaya ba, Nasser. Mutum ake dubawa, da ƙodarshi, da dukkan abin da shike sha."

Ana shirin neman inda za a yi masa wankin ƙoda, bayan la'asar zuciyarsa ta tsaya. Ina riƙe da ƙafarsa.

Tun ba a ɗauko gawar ba Nasser ya durƙusa gabana yana roƙo. Wai don Allah Gwaggo kada Baba ya ji dalili, yana da tansiyo, in ya ji jininsa zai hau. Kawunanmu suka goya masa baya, Tsahara ma ta ce a rufa. Nan take aka daidaita baki: kwana ne ya ƙare. Na san kwana na ƙarewa, ni ma musulma ce. Amma ban taɓa jin an yi amfani da sunan ƙaddara an shafe ƙazanta kamar ran nan ba. Dangi rigar ƙaya, aka ce, mu tamu ma har da hula.

Ranar sadakar uku Alhaji ya shigo cikin gida yi wa Tsahara gaisuwa. Ya rame, idonsa ja, don ya ji mutuwar har ransa. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗaki ya yi addu'a mai tsawo. Tsahara na zaune a tabarma ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ya tambaya ko lafiya, wata tsohuwa ta ce ciwon kai ne ya hana ta sakat tun ranar rasuwar.

"Ciwon kai? A ƙeya? Ai tansiyo ne wanga, na san shi." Ya cusa hannu cikin aljihun babbar rigarsa. "Ga shi, irin wanda marigayi ka sha ne. Guda da sahe."

Na ga Tsahara ta sunkuyar da kai ta miƙa hannu biyu.

Ban san lokacin da na tsallake mata uku ba. Na cafe kwalin kafin ya taɓa tafinta, na kama hannun Alhaji na danna masa shi a ciki, na naɗe masa yatsunsa a kai.

"Alhaji, mun gode. Riƙe abinka. Gidanga an sha ya isa."

Alhaji ya dubi kwalin, ya dube ni, bai gane komai ba, don ba wanda ya gaya masa komai. Ya juya ya fita. Ko takalminsa bai gama sawa ba mata suka rufe ni. Marar kunya, marar tarbiyya, mai kunyata gida ranar makoki. Gwaggon nan tamu mai fura, wadda yanzu ko gani ba ta yi sosai, ta ce da Jibo na da rai da bai yarda an yi wa baƙonsa haka ba. Wannan kam ta faɗi gaskiya.

Da yamma aka tura Mansura, da ɗanyen jego da jariri a baya, ta je ta ba surukinta haƙuri a madadin dangi. Ya haƙura, mutumin kirki ne. Don a nuna komai ya wuce, ya ba ta kwalin ta kawo wa uwarta, ita kuma ta karɓa. A ƙarƙashin matashin Tsahara na same shi, an ɓalle guda biyu. Na jefa shi masai, na sa aka kira wani ma'aikacin asibiti ya zo har gida ya auna ta, tun da tana takaba. Jininta daidai yake, ba ta taɓa yin hawan jini ba. Kuka ne da rashin cin abinci.

Garkar Jibo yanzu Ilyasu ke nomanta, a wurinsa nake sarin tattasai. Ƙaramin Jibrila ya fara tafiya, yana da manyan tafin hannu irin na mai sunansa, kuma duk abin da aka miƙa masa sai ya kai baki. Alhaji na nan lafiya, jininsa bai hau ba, har yau aljihunsa cike yake. Ba a gayyatata sabgogin gidansa, ban kuma damu ba. Amma a Jiratawa, in zancen rasuwar Jibo ya taso, ba wanda ke ambaton ƙoda ko ƙwaya. Abin da ake tunawa, ana girgiza kai, shi ne ranar da Tahira ta mai da hannun suruki baya.